Yadda Ake Girka Ogan Sinima Mai Bututai a Cikin Gida

Ogan sinima, kayan kiɗa mai kibod da bututan da iska ke hurawa, an ƙera shi ne don ya cika zauren mutum dubu ko dubu biyu da sauti, a zamanin da finafinai ba su da murya. Robert Hope-Jones, ɗan Ingila, shi ya fito da tsarinsa, ya haɗa hannu da kamfanin Wurlitzer na North Tonawanda a jihar New York a 1910. Kamfanin ya ƙera sama da 2,200, ga kuma na Robert Morton da Kimball da Barton a Amurka, da Compton da Christie a Ingila. Da finafinai masu magana suka shigo daga 1927, kasuwar ta mutu. Daga baya aka yi ta rushe gidajen sinima, masu sha'awa suka riƙa kwashe kayan suna kaiwa gidajensu, har suka kafa ƙungiyar masu sha'awar ogan sinima ta Amurka, da yanzu ake kira ATOS, a 1955. Gidan iyalin Sanfilippo a Barrington Hills ta jihar Illinois yana da mai kibod 5 da sahun bututai 80 (sahu shi ne jerin bututai masu irin murya ɗaya), amma su zaure guda suka gina masa. Mai gida irin na kowa, sahu 6 zuwa 10 ne daidai da shi, kuma ko a hakan, ɗakin da za a zuba bututan da iskar da za ta hura su ne za su yanke hukuncin ko kiɗan zai yi daɗi ko zai kori mutanen gida.

Kafin ka biya kuɗi

Ka nemi ogan da yake cikakke, na kamfani ɗaya, ba tarkacen da aka tattaro daga wurare daban-daban ba. Samfurin Wurlitzer da ake kira Style D ya dace da gida ƙwarai: kibod 2, sahu 6, wato Trumpet, Diapason, Tibia Clausa, Salicional, Concert Flute da Vox Humana. Kada ƙanƙantar adadin ta ruɗe ka. A tsarin Hope-Jones sahu ɗaya yana da bututai 61, 73, 85 ko 97, ana kuma iya kiransa daga kowane kibod a murya mai kauri ko siririya, saboda haka sahu 6 ya haura bututu 400.

Ka je da takarda ka ƙirga bututan sahu-sahu. Wanda ya ɓata a cikin masu harshen tagulla, irin su Trumpet da Vox Humana, yana da wuyar samu, kuma sabon da za a ƙera maka ba lalle muryarsa ta shiga cikin ta 'yan'uwansa ba. Ka duba ƙasan akwatunan iska, waɗanda bututai ke tsayawa a kansu, ko akwai tabon ruwa, domin yoyon rufi shi ya fi kashe ogan a gidajen sinima. Ka karanta abin da aka buga a jikin sandunan zailofon da sauran kayan bugawa: wasu tsofaffi A-435 ne, wato muryarsu ta ɗan yi ƙasa da A-440 da aka saba saita kayan kiɗa a kai, kuma su ba a iya ɗaga muryarsu da sauƙi, dole bututan su bi su. Idan za a tsallaka iyakar ƙasa da kayan, ka bincika makullan kibod ɗin. Da yawa an lulluɓe su da hauren giwa, kuma yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji ta ɗaure fitar da shi.

Abu mafi muhimmanci da za ka rubuta tun ogan yana wurinsa na asali shi ne ƙarfin iskar kowane sahu. Ana auna shi da tiyo mai haske da aka lanƙwasa kamar harafin U aka zuba ruwa: tazarar da ke tsakanin saman ruwan ɓangarorin biyu, da inci, ita ce ƙarfin iskar. Ogan coci yakan yi aiki da inci 3 zuwa 5. Na sinima yawancin sahunsa inci 10 ne, Vox Humana inci 6, manyan Tuba da wasu Tibia inci 15.

Ɗakin bututai

A gina ɗakin kafin kayan su iso. Wanda ya kawo ogan ya jibge a gareji yana jiran gini, ɓeraye da asu da laima za su riga shi aiki.

Ga sahu 6 da kayan bugawa, ka ware kamar mita 3.5 a faɗi, mita 4.5 a tsawo. Tsayin silin shi ne inda gidaje da yawa suke gazawa. Akwatin iska yana tsayawa ne a kan ƙafafu, santimita 60 zuwa 90 daga ƙasa, don zugazugan daidaita iska su zauna a ƙarƙashinsa, mutum kuma ya iya kwanciya ya kwance murfin ƙasa. A kansa bututai ke tsayawa, sannan ana buƙatar sarari a sama don a ɗaga bututu a cire shi, sautin ma ya samu mafita. Mita 3 shi ne mafi ƙaranci, 3.6 ya fi. Manyan bututan ƙasa masu muryar ƙafa 16, wato murya mai kauri irin ta buɗaɗɗen bututu mai tsawon ƙafa 16, idan masu toshe ne, kamar Bourdon ko Tibia, tsawonsu bai wuce ƙafa 8 da ɗan ɗori ba, ana kuma iya kwantar da na katako a jikin bango muddin bakinsu yana fuskantar fili. Na ƙarfe da suka yi tsawo ana yanka su a lanƙwasa a liƙe da darma, amma wannan aikin maƙerin bututu ne, ba na mai walda ba.

Ƙasan ɗakin ya zama daɓen kankare. Idan a bene ne, injiniyan gini ya duba, domin kayan suna kai tan da dama. Bango da silin su zama masu tauri da santsi: bulo da filasta, ko allon jifsom mai kaurin milimita 15 ninki biyu, a manne a ɗaure, a shafa fenti mai sheƙi. Bango mai laushi yana shanye murya mai kauri, yana kuma karkarwa idan aka taka fedal. Kada a shimfiɗa kafet, kada a rataya labule. Idan da hali a ɗan karkata bango ɗaya ko silin ta yadda ba za su fuskanci juna daidai ba, hakan yana rage matsalar nan ta wani bututu ya yi ƙara fiye da maƙwabcinsa. Taga babu amfaninta a nan, rana ce kawai za ta shigo da ita. Kada bututun ruwa ko banɗaki ya kasance a saman ɗakin. Ƙofa ta zama mai kauri da roba a gefenta, faɗinta ya isa akwatin iska mai tsawon kusan mita 2.4 ya shiga ya juya.

Bututu ba a rage masa ƙara da rage iska, yana yin murya ɗaya ne kullum. Abin da ke ƙara sauti ko rage shi ita ce lubar katako mai kauri da ke rufe bakin ɗakin, wadda makaɗi yake buɗewa da ƙafa, allo bayan allo. A yi mata rami a bango gwargwadon girman firam ɗinta na asali, a sama-sama, daidai da bakin bututai ko fiye. Masu sabon hannu sukan rage ramin don tsoron ƙara, sai sautin ya fito a shaƙe, kuma bai fasa damun kunne ba.

Maganin ƙara shi ne tazara. A gidan sinima sautin yana tafiyar mita 20 ko 30 kafin ya kai kunne, a hanya sahu-sahu suna cakuɗuwa, kaifin yana dushewa. A falo kuwa kana mita 3 daga Trumpet. Saboda haka a bar wani fili tsakanin luba da ɗakin sauraro, zurfin mita 1.5 zuwa 2, mai bango masu tauri, ta yadda sautin zai bugi bango ya juyo kafin ya shigo. Wasu suna sa bututan a ɗakin ƙasa, sautin ya hau ta rami mai lanƙwasa ya fito ta raga a daɓe. Ɗakin sauraron kansa, iya girmansa iya daɗinsa. Bututu mafi kauri na ƙafa 16 yana kaɗawa sau 32.7 a daƙiƙa, tsawon igiyar sautinsa ya kai mita 10.5, shi ya sa a ƙaramin ɗaki za ka ji shi yana girgiza kwanuka a wata kusurwa, a wata kuma kamar ba a taka ba. Kada ka yi saurin rage ƙarfin iska don ogan ya yi sanyi. An lanƙwasa harshen kowane bututun algaita, wato mai harshen tagulla, daidai da iskar da aka yi masa, idan ka sauke ta daga inci 10 zuwa 7, wasu za su yi jinkirin magana, wasu su yi shiru.

Zafi da laima

Bututun sarewa, wato wanda iska ke kaɗawa a bakinsa ba tare da harshe ba, muryarsa tana hawa da zafi: kusan kashi 3 cikin 100 na tazarar makulli ɗaya da na kusa da shi a kowane digiri ɗaya na Salshiyos. Na algaita ba ya motsawa sosai, sandunan ƙarfe da na katako kuwa kusan ba sa motsi. Idan ɗaki ya ƙaru da digiri 5, Tibia ta bar zailofon a baya, kuma kowa zai ji. A riƙe ɗakin a digiri 20 zuwa 22 dare da rana, da hita mai tamostat ko na'urar sanyaya ɗaki da ba ta hura kan bututai kai tsaye. Zafi yana taruwa a sama, don haka akwatunan iska su zauna a tsayi ɗaya. Idan ka ɗora wani a kan wani don ƙarancin wuri, na saman zai riƙa saɓa wa na ƙasa duk yamma.

Laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 40 da 55 cikin 100. Idan ta yi ƙasa sosai katako yana tsukewa, akwatuna su tsage, toshen Tibia ya saki ya zame ciki, iska ta riƙa zurara daga wannan rami zuwa wancan. Idan ta yi yawa gam yana saki, fata ta yi fumfuna, wayoyin taɓawa su yi tsatsa. A rataya ma'aunin laima a ciki, a tanadi na'urar ƙara danshi da ta rage shi, kowacce da lokacinta.

Kwancewa da ɗauka

A ɗauki hoton komai kafin a taɓa shi, a manna lamba a kan kowane katako, kowane bututun iska da kowane kan waya. A fara cire ƙananan bututai, a kwantar da su a cikin faffaɗan akwatunan katako marasa zurfi, sahu ɗaya akwati ɗaya, da takarda mai laushi a tsakani. Ƙarfensu haɗin darma ne da kuza, yana da taushin da yatsa zai lotsa shi. Ba a kama bututu a baki, ba a ɗora nauyi a kansa, ba a hura na algaita da baki domin tururin numfashi yana sa harshen tsatsa. A wanke hannu bayan an taɓa su saboda darmar. Teburin kiɗa mai siffar kofaton doki ya fi yawancin ƙofofin gida faɗi, sai an cire fedal da sama, wani lokaci har da gefuna. A auna ƙofa tun kafin mota ta iso.

Sabunta fata

Wannan shi ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne wanda ba a tsallakewa. A ƙarƙashin kowane bututu akwai maganaɗisu ɗaya da 'yan zugazugai biyu: wuta ta ja ɗan faifan ƙarfe, ƙaramin ya faɗi ya buɗe hanya, babban ya faɗi ya ja bawul, iska ta shiga bututu. Sahu 6 yana da irin waɗannan zugazugai sama da 800, ban da na kayan bugawa da na luba. Fatar da ta shekara 90 ko da ta yi kyau a ido, za ta fashe cikin watanni idan iska ta dawo mata. Gyara ta a kan benci kafin a girka abu ne mai sauƙi, bayan an girka kuwa sai ka kwanta rigingine a ƙarƙashin akwati.

Fatar da masu sana'ar suka fi amincewa da ita yanzu ta tumaki masu gashi ce, irin namu na Afirka, wadda aka jeme da sinadarin kurom aka fere ta ta koma kaurin milimita 0.2 zuwa 0.4. Ana manna ta da gam ɗin fata da ake narkarwa a ruwan zafi, kusan digiri 60. Kada a yi amfani da farin gam na kafinta ko na roba. Gam ɗin fata yana sakin katako da ruwan ɗumi, wanda zai sake aikin nan da shekara 40 zai cire shi ba tare da ya kankare katakon ba. A shekarun 1970 kamfanoni da dama sun gwada wata ledar roba mai suna Perflex a madadin fata, ta lalace cikin 'yan shekaru, aka sake aikin gaba ɗaya. A auna buɗewar tsohon zugazugi kafin a yage shi, a yi ma'auni na katako don duk su fito daidai. A canza gaskit ɗin murafu, a sabunta manyan zugazugan daidaita iska da kyallen roba da fata mai kauri a kusurwoyi.

Injin iska da hanyoyinta

Injin da aka fi samu tare da ogan Amurka shi ne Spencer Orgoblo. Sahu 6 zuwa 8 yakan buƙaci mai ƙarfin doki 3 zuwa 5, wanda ke ba da iska sama da abin da bututai ke so, misali inci 15 don a sauke ta zuwa 10. Yawancinsu na wuta mai layi uku ne, gida kuma layi ɗaya gare shi. Na'urar VFD, mai sarrafa wutar da ke shiga injin da saurin juyawarta, tana magance wannan, tana kuma tayar da injin a hankali. Tsohuwar motar lantarki ta injin, ta shekarun 1920, a kai ta a duba naɗinta ko a sake shi kafin a haɗa ta da wannan na'ura. Akwai wani tarko kuma: wutar Amurka tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, ta Ingila da Turai da Najeriya da Nijar sau 50. Injin da aka yi wa 60 idan aka ba shi 50 gudunsa ya ragu da kashi ɗaya cikin shida, ƙarfin iskar kuma ya faɗi zuwa kusan kashi 69 cikin 100, inci 15 ya koma 10 da ɗan kai. Da VFD sai a saita ta a 60.

A ba injin ɗakinsa daban, nesa da ɗakin sauraro, a kan faifan roba ko abin da zai shanye girgiza. Ya riƙa shaƙar iskar cikin gida ta matata, ba iskar waje ko ta gareji ba, domin ƙura da hayaƙi da sanyin waje duk cikin akwatunan za su ƙare. Injin yana ɗumama iskar da yake matsawa, don haka ɗakinsa ya samu mashiga mai faɗi. Tsakanin bakinsa da babban bututun iska a sa hannun riga na roba ko fata, sannan akwatin kashe ƙara mai shinge a ciki da aka lulluɓe da kyallen ulu mai kauri. Babban bututun ya zama inci 8 zuwa 10 ga ƙaramin ogan, rassa inci 3 zuwa 6. Na asali kwano ne da aka liƙe da darma, yau PVC yana yin aikin. A rage gwiwoyi masu kaifi, a ɗaure shi kada ya taɓa bangon ɗakin kwana.

Muryar ogan sinima, wannan rawar da take sa Tibia kamar tana kuka, daga na'urar karkarwa take fitowa: akwati ne mai zugazugi da ke sakin iska yana rufewa kusan sau 6 a daƙiƙa, yana girgiza iskar sahun. Tibia ta samu zugazugin daidaitawa da na'urar karkarwa nata ita kaɗai, Vox Humana ma haka, sauran su yi tarayya. Manyan bututan ƙasa da kayan bugawa da luba a ba su iskar da ba ta karkarwa, in ba haka ba duk lokacin da aka taka fedal rawar za ta rikice. Tsawon bututun da ya haɗa na'urar da akwatin iska yana da tasiri sosai. A fara da mita 4 zuwa 6 na inci 2.5 ko 3, da gwiwa biyu ko uku, kada a manne gaɓoɓin da gam sai an gwada an ji, domin sau da yawa sai an ƙara ko an rage. Na'urorin suna bugawa da ƙarfi, a sa su a cikin akwati mai rufi ko a ɗaki na kusa, amma a bar wa iskar da suke fitarwa hanya.

Jeri a cikin ɗaki

A shimfiɗa firam na katako a ƙasa, a daidaita shi da ma'aunin ruwa, a ɗaure ƙafafun akwatuna a kansa, a tokare su da bango don kada su yi rawa tare da karkarwa. Masu sanyin murya, Vox Humana da Salicional, su zauna kusa da luba, masu ƙarfi a baya, manyan bututan ƙasa a jikin bango. Zailofon da ƙararrawa da ganguna a rataye su sama inda sautinsu zai fita. A bar allon takawa mai faɗin santimita 40 aƙalla ta yadda hannu zai kai ga kowane bututu ba tare da an jingina da wani ba. Bututun da hannu ba ya kaiwa ba za a taɓa saita shi ba.

Waya

Maganaɗisun suna aiki da wutar DC ta bolt 10 zuwa 12. Na Wurlitzer kowanne yana jan ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na amfiya, amma ɗaruruwa na iya kamawa lokaci guda, saboda haka a sa na'urar ba da wuta mai amfiya 30 ko fiye. Tsofaffin wayoyin an naɗe su da zaren auduga, a cire su a sa masu rigar roba. Dokar wutar Amurka, sashe na 650, ta keɓe wa ogan mai bututai ƙa'ida: kada wutar ta wuce bolt 30, a raba da'irori kowacce da fis da bai wuce amfiya 6 ba, babbar wayar dawowa kuma ta zama mai kauri. Ko ba a Amurka kake ba, bin wannan shi ne hankali, domin ɗakin cike yake da busasshen katako.

Na'urar da ke karɓar umarnin makullai ta rarraba wa bututai, ta asali mai iska ce, tana cin wuri kamar kabad biyu. Idan tana da lafiya kuma da fili, adana ta yana riƙe wa ogan darajarsa ta tarihi. In ba haka ba, akwai na lantarki irin su Uniflex, Peterson da Opus-Two, waɗanda ke haɗa tebur da ɗaki da siririyar waya ɗaya, su kuma naɗi kiɗa su maimaita. A tabbata kowane maganaɗisu yana da dayod ɗin kariya, a jikin allon ko a kansa, in ba haka ba wutar da yake mayarwa idan an sake shi za ta ƙona na'urar.

Ranar kunna iska

Kada a dasa bututu ko ɗaya tukuna. A kunna injin da bakunan hanyoyin iska a buɗe su fitar da ƙura da ɓarɓashin PVC, sannan a haɗa akwatuna, a kunna, a danna kowane makulli sau da yawa ramukan su tofar da abin da ke ciki. A bi gaɓoɓi da kunne da bayan hannu ana neman yoyo. A saita kowane zugazugin daidaitawa da sifirin ɗinsa har ma'aunin ruwa ya nuna adadin da ka rubuta tun farko. Sai a dasa bututai, daga manya na baya zuwa ƙanana na gaba.

A makonnin farko za a sha fama da bututun da ke kuka shi kaɗai ba a danna shi ba. Kusan kullum ɗan datti ne ya maƙale a kan faifan maganaɗisu: a kwance murfinsa, a goge, a mayar. Idan bai daina ba, a duba bawul ɗin ƙaramin zugazugi ko ya karkace. Wanda ya ƙi magana sam, a taɓa masa wuta kai tsaye da wayar gwaji: idan ya yi kuka laifin na waya ne ko na'urar rarrabawa, idan bai yi ba na cikin akwati ne. Bututun algaita da ya yi shiru ko ya shaƙe, ƙura ce tsakanin harshe da mazauninsa, a zura takarda mai tsabta a ja a hankali, kada a taɓa lanƙwasar harshen.

Saita murya sai ɗakin ya kwana biyu a zafin da zai zauna, injin ya yi minti 20 zuwa 30 yana aiki, na'urorin karkarwa a kashe. A sa abin toshe kunne, domin a cikin ɗakin ƙarar tana iya yi wa ji lahani. A ɗauki muryar daga sandunan ƙarfe, a saita tsakiyar sahun Diapason da na'urar auna murya, sauran sahu su bi shi da kunne, mutum ɗaya a tebur yana riƙe makulli, ɗaya a ciki. Na sarewa ana matsar da zoben samansu ko toshensu, na algaita ana buga wayar da ke danne harshe sama ko ƙasa da ɗan sandan ƙarfe. Kada a riƙe bututu da hannu ana saita shi, ɗumin tafin hannu kaɗai yana ɗaga muryar ƙaramin bututu, idan ya huce sai ya sauka. Na algaita a bar su ƙarshe, kuma su za a riƙa komawa a taɓa duk bayan 'yan watanni.